Ki Tafi Da Fartanyar Nan, Hindatu

Kazaure,
Ranar Laraba.

Zuwa ga 'yata Hindatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan aikinki na nan Kano. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Allah Ya tsare min ke a zaune, Ya tsare min ke a tafe, Ya raba ki da sharrin hanya da sharrin baki.

Takardarki ta iso shekaranjiya ta hannun direban motar Babura. Na karanta ta sau biyu. Karo na biyu sai da na cire tabarau na goge shi da gefen zane, don na zaci shi ne ya juya min maganar. Kin ce ranar Litinin za ki je ofis ki ce a cire sunanki daga cikin ungozomomin da za a tura ƙauyukan Gambiya na shekara guda, su ma su turo nasu su zauna a namu ƙauyukan. Kin kawo dalili biyu, wai Yayanki Alhaji bai yarda ba, kuma idona ya fara rauni, babu mai kula da ni. Ban yarda da ko ɗaya ba, kuma zan faɗa miki dalili ko da takardar za ta cinye min kwana uku.

Maganar ido, nawa ne, kuma har yanzu ina zura zare a allura in rana ta ɗaga. Ko kin zauna ba ke za ki mayar min da shi sabo ba. Kada ki ɗora min alhakin fasa tafiyarki, na ishi kaina da wanda nake ɗauke da shi.

Shi kuwa Yayanki, ya zo ranar Asabar da sabuwar fijonsa, ya tsayar da ita a ƙofar gida yadda ko akuya sai ta kewaya. Tun da kwangila ta karɓe shi, yana ganin babu abin da ba a gyarawa da makulli da shago. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, wannan ba zan ci hakkinsa ba, sannan ya ce:

"Inna, a ce budurwa ta ƙetare ƙasashe har shekara guda, cikin mutanen da ba ta jin yarensu? Me mutane za su ce? In aiki take so, in buɗe mata kemis a bakin kasuwa, ta zauna a inuwa."

Na ce, "Waɗanne mutane ke nan? Faɗa min sunansu in ji ko akwai wanda ba ni na yanke wa cibi ba."

Ya yi dariya, ya ce, "Allah Ya ba ki haƙuri, Inna. Ni tsorona kada ta ɓace mana a can. Kuma yanzu mu ne masu arzikin mai, su ya kamata su zo su koya a wurinmu."

Na ce, "Uwarka ma baƙuwa ce ta zo daga wata ƙasa ta koya mata aiki, bayan ta yi shekara uku tana ɓarna da farar riga."

Ya dube ni bai gane ba, ni ma ban ƙara ba, don ba shi ya kamata ya fara ji ba. Ke ce ya kamata, kuma na jinkirta shekara ashirin da biyu.

Kin san ba ni na haife ki ba, ban taɓa ɓoye miki wannan ba. Kin san Dije ce ta haife ki a Gangaren Kuka, can bayan duwatsun Roni, a daminar shekarar da aka sami 'yancin kai, kuma ta rasu a ranar. Kin san ni na shayar da ke, na kuma hana kowa ya kira ki Talle, sunan marayu, har na taɓa korar wata baƙuwa daga gidana a kan haka. Abin da ba ki sani ba shi ne dalilin da ya hana a kira ni da wuri.

Shekara biyu kafin haihuwarki aka kai ni ƙauyen, don a can maigidana Malam, Allah Ya jiƙansa, yake koyarwa a elementare. Na fito daga horo ke nan, da farar riga da akwatin ƙarfe mai almakashi da safar hannu da allurar tsayar da jini. Aka ba ni ɗaki ɗaya a jikin asibitin sha-ka-tafi, da gado mai ƙafar ƙarfe. In ina tafiya a gari ji nake ƙasa ma ta san an samu ci gaba. Dagaci ya sa aka yi shela cewa mai naƙuda ta zo wurina, kuma wasu suka fara zuwa, ko don kunyar dagacin.

Akwai tsohuwar ungozomar garin, Iya Kande. Ita ce ta yanke wa rabin garin cibi, har da dagacin. Kin san yadda ake yi a da, mace ta durƙusa ta haihu ita kaɗai ba ta ko tari, sai an ji kukan jariri a kira ungozoma ta yanke cibi, ta wanke mabiyiya, ta haƙa rami a bayan ɗakin mai jego ta binne ta, igiyar tana kallon sama. Sun yarda cewa in aka kifa ta, ko aka wulaƙanta ta, haihuwar matar ta lalace, ɗan ma ba zai zauna ba. Ni ma a gidanmu haka na tashi na gani. Amma horon wata goma sha takwas ya sa na manta da na shekara ashirin, ban ko je na gaishe da Iya Kande ba.

Dije ce mace ta biyar da ta haihu a hannuna, cikinta na fari. Yarinya ce mai yawan dariya, da wushirya irin taki. Ta haifi namiji lafiya. Na ɗauki mabiyiyar na jefa a bokiti, na zuba mata maganin kashe ƙwayoyin cuta, na kai masai na bayan asibiti na juye, kamar yadda na saba. Ina dawowa na tarar da Iya Kande a bakin ƙofa da sabuwar ƙwarya da 'yar fartanya. Ta gaishe ni, ita babba, sannan ta ce:

"Malama, na zo karɓar mabiyiya."

Na ce, "Wace mabiyiya? Ai ƙazanta ce, Iya, na zubar a masai. An daina wannan yanzu."

Dije tana kwance a gado tana jin mu. Iya Kande ta dubi ƙwaryar hannunta, ta ce, "To, madalla," ta juya. Ni kuwa na shiga na wanke hannu ina jin na yi wa gari wayar da kai.

Yaron ya yi wata bakwai, baƙon dauro ya shigo gari ya tafi da shi tare da wasu yaran. Ni na san dauro ne, har yau na san dauro ne. Amma Dije ba ta ga dauro ba, bokitina ta gani. Daga nan ƙafa ta ɗauke daga ɗakina. Sai in share shi da safe, in shimfiɗa farin zanen gado, in zauna ina korar ƙuda har azahar. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce jahilci ne ya yi wa mutanen nan katutu. Ban taɓa tambayar mace ɗaya me ya hana ta zuwa ba.

Saboda haka, in kin sauka a ƙauyen da za a kai ki, kada ki fara buɗe akwati. Ki tambayi wadda take yanke cibi a garin, ki je gidanta da ƙafarki, ki cire takalmi, ki durƙusa. Ki tambaye ta abin da suke yi da mabiyiya, da ruwan wankan farko, da wanda yake fara ɗaukar jariri, da abin da ba a faɗa a gaban mai ciki. Nasu ba zai zama irin namu ba, kada ki ce ai ke 'yar ƙauye ce kin sani. Duk abin da ya fito daga jikin mace nata ne, ba a ba ki shi ba, riƙewa aka ce ki yi. Ki duba shi da idon aikinki, ki tabbata ya fita duka, sannan ki miƙa wa masu shi da hannu biyu.

Kuskurena na biyu ma a kan Dije ne. Da ta samu cikinki sai ta riƙa kauce min, in na biyo ta nan ta bi ta can. Rannan muka haɗu a gidan suna, tsakar gida cike da mata, har da uwar mijinta. Na ga ƙafarta ta kumbura, na ja fatar idonta na ga fari fat. Abin da na gani gaskiya ne, jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Sai na ɗaga murya yadda kowa zai san na iya aiki, na ce, "Dije, cikin nan ya kai wata bakwai kina ɓoyewa? In ba ki zo asibiti ba, ke kika sani."

Ke kin san mace ba ta son a ambaci cikinta a gaban surukarta, balle a ƙirga mata watanni a taro. Dije ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta bar tuwonta. Ban sake ganin fuskarta tana dariya ba. Da na bi ta gida da yamma, na same ta ita kaɗai tana tsince wake, na zauna na taya ta, da wataƙila ta karɓi ƙwayoyin ƙarin jinin. Sun yi ta zama a akwatina har suka canza launi.

Don haka ki riƙe bakinki a taro, Hindatu. Na san ki, kin ɗauko saurin bakina tun kina 'yar firamare. Abin da kika gani a jikin mace ki faɗa mata ita kaɗai, a inda ba ta jin kunya, hannunki yana taya ta wani aiki. A can ma da tafinta za ki yi magana, to ki lura da wanda aka ba ki. In namiji ne, ko ɗan gidan mai gari, babu macen da za ta faɗa miki gaskiya ta bakinsa. Ki nemi mace, ko da ba ta iya Turanci sosai ba, sauran ku ƙarasa da hannu.

Ranar da aka haife ki Talata ce, ana tsakiyar noma, gari duk ya watse gona. Dije ta haife ki da hantsi ita kaɗai. Aka kira Iya Kande ta yanke cibi, amma mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini kuma ya ɓalle. Suka ba ta kwalba ta busa, suka yi turare, suka jira. Ni ina nan ɗakina, tafiyar da ba ta kai a dafa shayi ba, ina ninke farin zanen gado. Sai bayan la'asar na hango Iya Kande tana gudu, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ɗankwalinta a hannu. Ta ce, "Ɗauko akwatinki."

Na yi abin da aka koya min. Na cire mabiyiyar, na yi allurar, na danna mara. Amma jinin da ya rage a jikinta bai isa ya riƙe ta ba. Kafin a kira magariba ta cika. Ina cikin ruɗu na ga Iya Kande ta fizge ƙwaryar da mabiyiyar take ciki daga gabana, ta rungume ta, ta fita bayan ɗaki. Har na ji haushi a raina, na ce dubi abin da ya dame ta ana ga gawa.

Kwana uku bayan haka ta zo gidana da ke a hannu. An gwada miki nonon akuya cikinki ya ƙi. Ina da goyo a lokacin. Ta ɗora min ke a cinya, ta ce, "Ke za ki shayar da ita." Ba roƙo ta yi ba. Na karɓe ki ina ganin kaina mai taimako, har ina faɗa wa Malam cewa ga abin da jahilci yake jawowa. Shekara guda cur na yi ina ba ki nono da wannan tunanin.

Sannan baƙuwar ta zo. Bayan 'yancin kai an yi irin wannan musayar da za a yi da ku, aka turo mana wata ungozoma daga Sudan, Malama Sa'adiyya, ta zauna da ni wata huɗu. Gajeriya ce mai tsage a kumatu, ta girme ni da kusan shekara ashirin. Tana jin Hausa kaɗan, irin ta mutanenmu da suka tafi Makka a ƙasa suka yada zango a can, don ta karɓi haihuwar matansu da yawa. Inda Hausarta ta ƙare sai ta koma Turanci in fassara. Na share ɗaki na jera mata kayan aiki suna ƙyalli. Ta shiga, ta shafa zanen gadon, ta ce, "Wannan gado bai san mace ba." Sannan ta ce in kai ta wurin mai yanke cibi.

Na ce, "Malama, tsohuwa ce kawai, ba ta san komai ba."

Ta ce, "To, mu je mu gaishe da rashin saninta."

Muka je, kina bayana a goye. Malama Sa'adiyya ta zauna a ƙasa, ta ci gyaɗar da aka ba ta, ta yi ta tambaya kamar ɗaliba. Can ta ce in tambayi Iya me ya sa mata ba sa zuwa ɗakina. Na fassara ina murmushi, don na san amsar, a ganina. Iya Kande ta daɗe tana kallon ki a bayana, sannan ta ce da ni:

"Zan faɗa, amma ki juya mata daidai yadda na faɗa. Kada ki rage."

Na ce to.

Ta ce, "Uwar yarinyar nan da ke bayanki, tun cikinta yana wata biyar ta kama hannuna ta sa na yi mata alkawari. Ta ce, Iya, ko mutuwa zan yi kada a kira Malama, ta zubar min da mabiyiyar na fari a masai ya tafi, ba za ta zubar min da ta wannan ba. Ranar ma da jini yana zuba, ina cewa bari in kira ta, tana riƙe zanena tana cewa alkawari, Iya. Sai da hannunta ya saki na samu na fito. Na karya alkawarin, kuma na makara. Ni da ke muka yi wannan aikin, Malama. Faɗa mata."

Hindatu, da bakina na juya wannan magana zuwa Turanci, kalma bayan kalma, kina barci a bayana. Ban rage ba. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba, kuma ban sake jin irinsa ba har yau. Na zaci baƙuwar za ta yi min faɗa ko ta rubuta a kore ni. Sai ta ce ita ma a ƙauyenta na farko ta yi nata, ta hana mata wani hayaƙi da suke yi, suka guje ta shekara biyu. Ta ce, "Kuka ba ya tsayar da jini. Gobe ki je wurin maƙeri."

Washegari na sa aka ƙera min 'yar fartanya mai gajeriyar ƙota, wadda za ta shiga akwati. Malama Sa'adiyya ta sa muka zauna mu uku muka raba aiki. Mace ta haihu a durƙushe in haka take so, a ɗakinta ko a nawa. Iya Kande ta riƙa dafa reza da zare kafin ta yanke cibi. In mabiyiya ta fito, mu shimfiɗa ta a ƙwarya mu duba tare, aka nuna wa Iya yadda ake gane in wani yanki ya maƙale a ciki. Sannan ni da hannuna in haƙa ramin, ita ta binne. In kuwa an haihu har an gama dama kunu ba ta faɗo ba, a aiko min, ko ina sallah ne a tsaya a kaina. Ranar da matan garin suka fara ganina da farar riga a durƙushe a bayan ɗaki ina haƙa, har leƙe suke ta katanga. Kafin baƙuwar ta koma ƙasarsu, sai da na nemi ƙarin zanen gado.

Da waccan mata ta ce mahaifiyarta ba ta gani sosai, ko wanta ya ce me mutane za su ce, da na ƙare aikina ina zagin mutane da jahilci, Allah kaɗai Ya san Dije nawa zan ƙara. Ni 'yar gari ce, amma sai da baƙuwa ta zo ta yi tambayar da girman kai ya hana ni yi. Yanzu haka akwai wata irina a wani ƙauye a can, tana korar ƙuda a ɗaki mai tsabta. Ba na cewa kin fi ta ilimi. Ke dai baƙuwa ce, za a faɗa miki abin da ba a faɗa mata, ita ma za ta ga taki makantar ta faɗa miki.

Amma kada ki ɗauka cewa na ce ki bi kowace al'ada ki yi shiru. Nan ma na yi kuskure, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Bayan abin da ya faru na zama mai lallaɓa kowa. Wata shekara aka kira ni wata ruga ta wajen Gwiwa, naƙuda ta yi tsawo, na duba na san ba za ta haihu da kanta ba, sai an kai ta babban asibiti. Mijin ya kora shanu kasuwar Babura, daga can ya ƙetara iyaka. Uwarsa ta ce ba mai fitar da matar ɗanta ba da izininsa ba. Na ce to, don kada in sake taka mutane. Kwana biyu muna jira. Da ya dawo ya ce ai da mun tafi, me muke jira. Ɗan bai zo da rai ba, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari, yarinyar da ba ta fi ki shekaru ba.

Daga ranar na canza. Duk mai ciki in ta shiga wata bakwai, sai in sami mijin a gaban liman ko wani dattijo, in ce, "Malam, in abu ya taso ba ka nan, ka yarda a kai ta?" Kunya ba ta barin namiji ya ce a'a a gaban liman. Inda kuma ban samu izinin ba, ban sake jira ba. Na taɓa tare motar gyaɗa a hanyar Roni na ɗora wata a kan buhuna. Mijin ya kai ƙarata wurin dagaci, wai na sace masa mata. Na ce, "Ranka ya daɗe, a kira matar ta ba da shaida, ai tana da rai, ga ta can tana ba ɗansa nono." Dagaci ya rufe baki da hannun riga, shari'a ta watse. Haka na yi da masu yi wa mai naƙuda yankan gishiri, na sha zagi, an ce na fi ƙarfin mijina, an ce boko ya cinye ni. Ban fasa ba.

Ki bambance biyun nan. Abin da ba ya cutar da mace kuma yana kwantar mata da hankali, ki taya su yi, ko da ba ya cikin littafinki. Abin da zai kashe ta, ki tsaya a kansa ko garin duka zai taru a kanki. Za su fi jin maganarki a na biyun in sun ga gwiwarki a ƙasa a na farkon.

Kuskurena na ƙarshe shi ne shirun da na yi miki. Sau da yawa na buɗe baki, ranar da kika shiga makarantar ungozoma, ranar da kika fito, sai in ga wushiryar nan in fasa. Tsoro nake kada ki daina kirana Inna. Har yanzu ina jin tsoron. Amma da na ga za ki ajiye tafiyar nan saboda ni, sai na ga gara ki tafi kina fushi da ni da ki zauna kina tausayina. Na riga na tsaya tsakanin Dije da ranta. Ba zan tsaya tsakanin 'yarta da aikinta ba, kuma ba zan bar Yayanki ya tsaya ba, ko zai kawo fijo goma. Shi ki bar min shi, ni na haife shi.

Ya ce yana tsoron ki ɓace a can. Ba za ki ɓace ba. Taki mabiyiyar ba ta shiga bokitina ba. Iya Kande ta nuna min wurin kafin ta rasu, a bayan ɗakin Dije, gindin wani zogale, ta ce ta wanke ta sau uku ta binne ta daidai, igiyar tana kallon sama. Abin da uwarki ta ba da ranta a kansa ke nan, kuma ta samu. A Gangaren Kuka aka binne cibiyarki, ki je duk inda za ki je, kin san hanyar gida.

Direban zai ba ki ƙunshi tare da takardar nan. Akwai kuka da daddawa da yaji, don ban san abin da suke miya da shi ba. A ƙasan ƙunshin, cikin tsohon ɗankwalina, fartanyar ce. Na sa an sake mata ƙota, bakin ne dai na asali. In ma'aikatan filin jirgi sun tambaye ki, ki ce kayan aikin ungozoma ne, ba ƙarya kika yi ba. Wataƙila a can ba binnewa suke ba, ki tambaya. Ko ba ki haƙa da ita ba, ki bar ta kusa da almakashi yadda duk kika buɗe akwati za ki gan ta.

Ranar Litinin ki je ofishin, ki tabbata sunanki yana nan. Ba sai kin zo sallama ba in zuciyarki ba ta ba ki ba, ba zan riƙe ki da komai ba. In kin ga dama ki rubuto daga can, da duk sunan da kika ga ya dace ki kira ni, zan amsa.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo da ke lafiya. Allah Ya sa hannunki ya zama sanadin rayuwar mata da 'ya'yansu, Ya tsare ki daga girman kai irin nawa da tsoro irin nawa. Allah Ya haɗa ki da tsohuwa mai gaskiya irin Iya Kande. Allah Ya jiƙan Dije, Ya haskaka kabarinta, Ya sa ta yafe min. Amin.

Wassalam.

Ni ce wadda ta shayar da ke,
Hajara Ungozoma.